Yadda Na Hana Akwatuna Biyu Gaisawa a New York

Tunda na dawo bakina bai huta ba. A aji tambaya, a layin ɗibar ruwa tambaya, har Malamar Lissafi da ba ta taɓa yi mini murmushi ba ta tare ni a baranda ta ce, "Nafisa, wai yaya garin yake?" Na gaji da maimaitawa. Ga shi a rubuce, kowa ta karanta ta miƙa wa ta kusa da ita. Wadda ta ce na ƙara gishiri, ta je ta gano da idonta.

Anti Bilki, ƙanwar Mama, ita ta aiko in je in yi dogon hutu a wurinta. Ta daɗe a can. Aikinta shi ne haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, amma a gidanmu kowa cewa yake "tana gyaran kwamfuta," abin da ke ɓata mata rai ke nan.

Da yake ni kaɗai zan yi tafiyar, kuma shekaruna ba su kai ba, sai ma'aikatan jirgi suka rataya mini wata jaka a wuya mai ɗauke da takarduna. Tun daga Kano har inda muka sauya jirgi, wannan ta miƙa ni ga waccan, waccan ta miƙa ni ga wata, kamar ragon layya da aka saya aka bar wa dillali. Ban damu ba, don ina da sirrina. Anti ta ja kunne cewa kada a sako nama ko ƙwaya ɗaya, ba a shiga ƙasar da shi. Mama ta ji. Ni ce ban ji ba. Na cusa ƙunshin kilishi a ƙasan jakar hannuna.

Sai da muka yi nisa a sama aka fara sanarwa a kan abin da aka hana shiga da shi, har da tara. Na tuna da kilishina. Zubarwa dai ba zan yi ba, kilishin mai kyau ne. Na zauna na fara ci. Na ci, na ci, na miƙa wa wata tsohuwa Baturiya da ke kusa da ni, ta ɗanɗana, ta yi tari har gilashinta ya faɗo. Sauran ni na ƙarasa. Na sauka a New York idona jajur, leɓena a kumbure, ina jin ƙishirwar da za ta iya ƙafar da dam ɗin Tiga.

A wurin binciken kaya wani kare mai sanye da riga ya zo ya zauna a gabana. Bai kalli akwatina ba. Hannuna yake kallo. Jami'in ya buɗe kaya, ya ga kuka, ya ga busasshiyar kuɓewa, ya ga yaji, na yi masa bayanin kowanne da Turancin da na kwana uku ina haddacewa. Da ya kai kan daddawa ya buɗe ledar, ya ɗan ja da baya, ya tambaye ni ko abin ya lalace ne. Na ce a'a, haka yake. Ya daɗe yana dubana, sannan ya rufe ya ce in wuce. Karen ya raka ni da ido har ƙofa. Shi kaɗai ya san gaskiya.

Anti tana zaune a wata unguwa da ake kira Concourse Village a Bronx, can saman wani dogon bene. Gidan gaba ɗayansa bai fi falon Mama ba, kuma gadona da rana kujera ce. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne rana. Ba ta faɗuwa. Ka ci abincin dare, ka wanke kwano, ka leƙa taga, tana nan tsaye kamar mai jiran canji, Magariba ba ta yi ba. Na biyu kuma wata 'yar farar aba ce mai gadin hayaƙi a rufin kicin, wadda ba ta jituwa da suyar attaruhu. Ranar da na ce zan burge Anti da miya, abar nan ta kurma ihu har maƙwabta suka fito. Wanki kuwa ba a shanya shi. Shago ake kai shi, a zuba a inji, a zauna ana kallonsa yana juyawa kamar fim.

Abinci ba laifi. Akwai wata gurasa mai faɗi da ake shafa wa tumatir da cuku, a naɗe ta a ci ana tafiya. A tsaye suke ci, a tafe suke sha. Ban ga wanda ya nemi wuri ya zauna ya ce wa na kusa da shi bismillah ba. Amma Hausa kam ta cika titi. A gaban shago ɗaya za ka ji ta Kano, ka ji ta Nijar da ɗan Faransancinta, ka ji ta Gana.

A sati na biyu ne Alhaji Isufu ya zo. Mutumin Maraɗi ne, dattijo, yana da shagunan kayan abincin gida guda biyu, ɗaya a ƙasan layinmu, ɗaya can tsallaken ruwa a Stapleton, a tsibirin Staten Island. Ya zauna ya ƙi shan shayin da na kawo.

"Bilkisu, ɗiyata, ki taimake ni," in ji shi. "Tsohuwar ga ta yi hushi da ni, kuma wallahi ban san mi na yi mata ba."

Tsohuwar sunanta Mma Azumi, mutuniyar Zangon Kumasi. Ita kaɗai take zaune a Park Hill, kusa da shagonsa na can. Idonta ya yi rauni, ɗanta direban babbar mota ne, sai ya yi makonni bai kwana a gari ba. Ba ta riƙe wayar hannu. Tarhon gida gare ta mai manyan maɓallai, kuma lamba ɗaya ta haddace, ta shagon Alhaji na Stapleton. Kullum da safe sai ta kira. Wani lokaci ta ce a kawo mata burodi, wani lokaci ba ta son komai, hira kawai. Da wannan kiran ne ake sanin ta tashi lafiya. Ranar da ba ta kira ba, a tura a duba.

To, ga shi an yi kwanaki duk sanda ta buga sai ta ji layin a kame. Ta ɗauka Alhaji ne ya gaji da surutunta yake ajiye kan tarhon a gefe. Ya je da kansa ya rantse mata, ta ce in ya gaji ya faɗa kawai, ta rufe ƙofa. Yanzu ta daina bugawa ma.

Anti ta ce, "Alhaji, an taɓa wani abu a shagon kwanan nan?"

"Bon. Akwatunan ga na kwamfuta sun ƙone, ɗan ƙanena ya samo mini irinsu 'yan gwanjo ya haɗa. Aiki dai suna yi."

Anti ta yi murmushin da take yi in ta gano wanda ya shanye madara.

Da Asabar muka sauka shagon Bronx. Kwamfutar da ke bayan kanta ta girme ni, ina jin ta girmi Mama. Ita ke riƙe da jerin kayan shagunan biyu. Ta Stapleton kuwa, in an sauke kaya ko an sayar, sai ta tambayi wannan. Ba su san intanet ba. Ta layin tarho suke magana, da wani tsohon yare da ake kira IPX, wanda Anti ta ce masu jinsa duk sun yi ritaya. An sha ba Alhaji shawara ya sauya, ya ce abin da bai taɓa yi masa ƙarya ba ba zai kore shi ba. Kusa da kowace kwamfuta akwai ɗan akwati mai ƙyafta fitilu, shi ne mai nuna wa saƙo hanya, shi ne kuma mai buga lambar.

"Zo ki gani," in ji Anti, ta nuna mini rubutu yana gudu a kwamfutarta. "In aka bar su yadda suka zo, kusan kowane minti sai wannan ya kira wancan ya ce, ina nan, ga hanyoyin da na sani, kai fa? Wancan ma ya rama. A ofis, inda waya take a shimfiɗe tsakaninsu, ba wanda zai damu. Amma a nan kowace gaisuwa sai an buga lamba an kame layi."

Na ce, "Wato Anti, kamar Gwaggo Hajara da Inna Talatu na gidanmu in sun kama gaisuwa a waya."

"Su ai suna tsayawa su ci abinci."

Maganin, in ji ta, shi ne a hana su tambayar juna hanya. A rubuta wa kowanne kwatance da hannu, a ce masa in kana neman wancan shagon, bi ta wannan ƙofar, buga wannan lambar, kada ka ƙara tambayar kowa. Su a wurin aikinsu static route suke ce masa. Daga nan akwatin ba zai taɓa layi ba sai in akwai saƙon gaske.

Ta rubuta wa na Bronx nasa, ta rufe masa baki. Ya yi tsit. Sannan ta ce bari ta shiga na Stapleton ta cikin layin ta yi masa haka. Ta buga. Shiru. Ta sake bugawa. Shiru. Sai na ga ta dafe kai.

"Kai, Bilki! Da na can ya kamata in fara."

Ashe da na nan ya daina gaisuwa, na can ya jira bai ji shi ba, sai ya share hanyar dawowa daga kansa. Saƙon Anti yana isa, amma amsa ba ta san ta inda za ta komo ba. Ga shi kuma na can bai daina kira ba, kamar wadda ƙawarta ta yi fushi da ita. Dole wani ya je da ƙafarsa ya soka masa waya a ƙeya. Anti ba za ta iya ba. Ranar tana jiran kira daga wurin aiki, kuma ana bukatar mai lura da wannan gefen.

Ta juyo ta dube ni. "Ba ke ce kika ce mini ke ce firifet ta ɗakin kwamfuta a makarantarku ba?"

Kun san aikina a ɗakin nan shara ce da rufe taga. Na ce, "Ni ce."

Aka haɗa ni da Hadiza, 'yar Alhaji, sa'ata ce, a can aka haife ta. Tana jin Hausa tsaf, amma amsa sai da Turanci. Na yi mata tambaya da Hausa, ta amsa da Turanci, na zage ta da Hausa a cikin wasa, ta rama da Turanci, kafin mu kai tasha mun zama ƙawaye. Na goya jakar kwamfutar Anti, muka shiga jirgin ƙasa. Ya nutse da mu ƙarƙashin gari, ya yi ta gudu a cikin duhu. Mutane a cike, kafaɗa na gogar kafaɗa, amma kowa ya kafe idonsa a takalminsa. Wani mutum ya shigo ya yi wa'azi da ƙarfi, wasu samari suka shigo suka yi tsalle-tsalle a jikin ƙarfe, ba wanda ya ɗaga kai. Ni kaɗai na tafa.

A ƙarshen gari muka fito muka shiga jirgin ruwa, ƙato, mai launin ruwan lemo, hawa-hawa, kuma kyauta. Sai da na tambayi Hadiza sau uku ko da gaske ba kwandasta. Ni da ban taɓa hawa ko kwalekwale ba, na riƙe ƙarfe da hannu biyu na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Da na ga bai kife ba sai na saki jiki, na sayi wani murɗaɗɗen burodi mai gishiri. Na ɗaga shi zan ɗauki hoto da gunkin matar nan mai riƙe da fitila a tsakiyar ruwa, sai wani farin tsuntsu mai girman ɗan akuya ya sauko ya fizge. A hoton ba burodi, ba matar, sai bakina a buɗe.

Daga bakin ruwa muka hau bas zuwa Stapleton. Alhaji ya riga mu isa. Shagon na ƙamshin gida, ga buhunan gari, ga manja, ga busasshen kifi. Ya miƙo mini kan tarhon ya ce, "Ji abin ga." Na kara a kunne. Wata irin ƙara ce, kamar an taka wutsiyar kyanwa a cikin injin markaɗe.

Na durƙusa a bayan kanta, tsakanin kwalin maggi da tsintsiya, na soka shuɗiyar wayar a bayan akwatin. Hadiza ta riƙe mini wayar hannu, Anti tana kallo ta bidiyo tana faɗa ina rubutawa. Na fara da lambar shagon Bronx a yarensu na akwatuna, da ƙofar da za a bi. Sai sunan tsohuwar kwamfutar can, tunda yanzu ba za ta ƙara shelar kanta ba. Sai lambar tarhon da zai buga. Sannan umarnin da ke cewa gaisuwa ba ta isa a kame tarho saboda ita ba.

"To, gwada," in ji Anti.

Akwatin ya buga lamba, muna ji ta 'yar lasifikarsa. Ya yi ringi. Sai muka ji muryar wani mutum mai barci-barci yana cewa halo, halo. Akwatin ya kwarara masa ihun kyanwar nan a kunne. Mutumin ya faɗi wata kalma da Hadiza ta ƙi fassara mini.

"Nafisa," in ji Anti a hankali, "karanto mini lambar."

Ashe na juya lambobi biyun ƙarshe. Allah ya ba bawan Allahn nan haƙuri, duk inda yake.

Na gyara, na adana kamar yadda ta ce. Alhaji ya shigar da buhun gari ɗaya a kwamfuta don gwaji. Akwatin ya buga, ya tambaya, aka ba shi amsa, ya ajiye. Fitilarsa ta mutu. Muka tsaya muna kallonsa. Bai sake motsi ba. Alhaji ya ɗaga kan tarhon ya saurara, ya lumshe ido kamar mai jin karatu.

"Voilà," in ji shi. Sai kuma fuskarsa ta sauya. "Amma ita ba ta sani ba. Ni kuwa in na tai, ba ta buɗe mini. Ke da kin gyara, ke za ki tai."

Ya haɗa mana burodi da garin koko a leda, muka taka zuwa Park Hill.

Mma Azumi ta daɗe kafin ta buɗe. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da farin mayafi da carbi a wuya. Mutanen Zango ba ruwansu da "ki" da "ka," kowa "kai" ne.

"Kai ɗan wane ne?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce daga Kano nake, 'yar 'yar'uwar Bilkisu.

"Isufu ya aiko ka? Mayar masa da burodinsa."

"Mma, ba laifinsa ba ne. Na ga mai laifin da idona, yau na hukunta shi."

Wannan ya sa ta matsa muka shiga. Ɗakin tsaf, tukunya a kan wuta, tarhon a kan tebur kusa da kujerarta, an lulluɓe shi da ɗan ƙyalle. Na zauna a ƙasa na ba ta labari tun daga farko. Na kwaikwayi muryar akwatin Bronx, na kwaikwayi ta na Stapleton, "Ina kwana, ina gajiya, yaya hanyoyi," na ƙare da ihun kyanwa. Hadiza tana dariya har da riƙe ciki. Mma ba ta yi dariya ba.

"To yanzu fa?"

"Yanzu na hana su. An rubuta wa kowanne hanya, ba sai sun gaisa ba."

"Ko sau ɗaya a rana?"

"Sai in da aiki, Mma."

Ta ja carbinta kaɗan. "To in ɗaya ya mutu a can, yaya ɗan'uwan zai sani?"

Na ciro wayata. Na kira Anti na maimaita mata tambayar, na juya wayar wajen tsohuwar. Anti ta gaishe ta, sannan ta amsa.

"Ba zai sani ba, Mma. Sai ranar da ya neme shi ya ji shiru."

Mma Azumi ta gyaɗa kai a hankali, kamar an faɗa mata abin da ta daɗe da sani.  Ta miƙa hannu ta janye ƙyallen, ta ɗora tarhon a cinya, ta danna lambobin da yatsa ɗaya ba tare da ta duba ba. Ringi ɗaya aka ɗauka. Daga inda nake zaune ina jin muryar Alhaji yana sallama.

"Isufu," in ji ta. "Ban mutu ba." Ta laluba ledar ta matsa burodin. "Kuma wannan na jiya ne, kana ji na?"

Ta nuna mana tukunya da haɓa. Wake da shinkafa ne irin nasu, ja, da wani baƙin yaji da ya kusa tuna mini da jirgi. Muka ci, muka ƙara, muka wanke kwanuka, tana kan waya. Ta yi masa faɗa, ta tambayi iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, ta koma kan faɗan, ta shiga labarin ƙafarta. Da muka zo sallama hannu kawai ta ɗaga mana.

Muna saukowa daga bene saƙon Anti ya shigo. "Lafiya kuwa? Ina ta gwadawa daga nan, akwatin ya ce layin a kame yake."

Na rubuta mata, "Lafiya lau. Ki ce masa ya jira, Mma ce a kai."